Wankin Tanki

Juma'a, 1 ga Afrilu, 2022

Sabuwar dokar mai ta fara aiki yau. Takardar ƙungiyar manoma ta kwana biyar a kan tebur ina ɗora mata butar shayi, yau dai na daure na karanta. Jan dizal, wanda ake rage mana haraji a kansa a zuba masa rini don a gane shi, daga yau na aikin gona ne kaɗai. In tarakta za ta yi wani abin da ba noma ba, sai a zuba mata fari irin na motocin titi, a biya haraji cikakke. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a kwarinmu ba.

Tumaki tara suka haihu, ɗa ɗaya ya zo a mace.

Asabar, 9 ga Afrilu

Na fara kai duwatsu maƙabartar coci ta kan tudu. Katangarta ta zube tun ruwan Janairu, kuma daidai kan kabarin matata Eirlys ta zube, tumaki na shiga suna cinye furannin da nake kai mata. Ba wanda ya sa ni. Dama komai na tudun nan ni ne, tun da hanyar matsattsiya ce tsakanin katangu biyu, motar gawa ba ta hawa, manyan taraktocin zamani ba sa shiga. Tsohuwar tawa ce kaɗai ke wucewa. Babana ya kai gawarwakin kwarin nan da doki, ni shekara talatin da huɗu ina kai su a amalanken tarakta, ban taɓa karɓar ko kofin shayi a kan haka ba.

Hanyar ta tsakar gidan Idwal Bevan ta bi. A sawu na uku amalanken ya gogi ginshiƙin ƙofarsa, ya kwanta. Ya fito da sandarsa yana ta ɓaɓatu, wai kakansa ne ya kafa dutsen, wai tun muna makaranta ban iya lanƙwasa ko keke ba. Na ce masa in kakan nasa ya kafa shi da kyau da bai faɗi ba. Matarsa Nesta ta leƙo ta taga ta koma.

Ya ce, “Za ka gani, Tegid.”

Na ce masa na gani tun tuni, shekara sittin ina ganin fuskar nan tasa.

Talata, 26 ga Afrilu

Sun tare ni a gindin hanya, ina ɗauke da duwatsu. Mutum biyu a farar mota, 'yan kwastan, ba wanda ke jin yarenmu a cikinsu. Babban ya gaishe ni da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya buɗe tankin, ya zura siririn tiyo, ya zuƙo man a kwalba ya ɗaga sama. Ja wur. Ya tambayi ina zan kai duwatsun, ni kuma da bakina na ce maƙabarta. Da na ce katangar makiyayata ce da shi ke nan. Ban iya ƙarya da sauri ba, ban taɓa iyawa ba.

Ya ce gyaran maƙabarta ba noma ba ne. Na ce masa duk wanda ke kwance a can manomi ne. Ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da rubutu.

Tara suka ci ni, kuɗin 'yan raguna masu yawa. Sannan ya ce sunana ya shiga littafinsu, in aka sake kama taraktar da ja a aikin da ba na gona ba, tafiya za su yi da ita. Na tambaye shi har da kai gawa? Ya ce shi dai abin da ke cikin tanki yake dubawa.

Ba tarakta, ba ni. Ba ingirici, ba kai abinci saman tudu da hunturu, sai in sayar da tumakin in koma gidan tsofaffi in riƙa kallon bango.

Na juye duwatsun nan bakin hanya na dawo.

Laraba, 27 ga Afrilu

Shekara ashirin ban ga ɗan kwastan a hanyar nan ba. Wani ne ya buga musu waya. Taga ɗaya ce ke kallon gidana da hanyar gaba ɗaya.

Lahadi, 1 ga Mayu

Bayan addu'a na miƙe na faɗa wa kowa. Daga yau taraktata noma take yi, noma kaɗai, kamar yadda gwamnati da wani maƙwabcina suke so. Wanda motarsa ta faɗa rami ya kira gwamnati. Wanda ya mutu ya hau da ƙafarsa. Fasto Aled ya ce mu zauna mu yi magana, na ce na gama tawa. Mu goma sha huɗu ne a cocin, ƙaramin cikinmu ya haura hamsin. Idwal bai zo ba, an ce ba ya jin daɗi. Na ce a raina kunya ce.

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Alhamis, 19 ga Mayu

Tsohuwa Gwenno Pugh ta rasu ran Litinin. Ɗanta ya zo daga garin Wrecsam, ya tsaya a ƙofata da hula a hannu, ya ce mahaifiyarsa ta bar wasiyya a sa ta kusa da babansa a kan tudu. Na ce masa ya tambayi Idwal. Bai gane ba. Na ce masa dai ba zan iya ba, za a ƙwace min tarakta.

Sun nemi maza shida da za su ɗauka a kafaɗa, hawan mil guda. Ba a samu huɗu masu gwiwa ba. Yau aka binne ta a maƙabartar gari, gefen titin da manyan motoci ke wucewa. Ita ce ta wanke Eirlys ranar da ta cika.

Ban je ba. Na yini ina yanke wa tumaki kofato, waɗanda ma ba su buƙata.

Asabar, 28 ga Mayu

Na je shagon Glenys sayen burodi. Ta ajiye min canji a kan kanta, ba ta sa min a hannu ba.

Litinin, 13 ga Yuni

Nesta ta zo da hantsi, ta ratso ta makiyaya don kada a gan ta a hanya. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta ce ciwon Idwal a hanta yake kuma ya bazu, yanzu likita ya ce saura wata biyu, in an yi sa'a uku. Shi Idwal bai sani ba. Ranar da za a faɗi sakamako ya ce wa likitan kunnensa ba ya ji da kyau, a gaya wa matarsa, ya fita ya zauna a mota. Ita kuma da ta fito ta ce masa maganin na aiki. Haka suke zaune tun Afrilu, tana dafa masa romo yana cewa gobe zai duba shinge.

Sai ta zo kan abin da ya kawo ta. Iyayensa da ɗansu na fari duk suna kan tudu.

“Ba don shi nake roƙonka ba, Tegid. Ni ce ba zan iya kai shi gefen titi ba.”

Na ce mata ta san abin da mijinta ya yi min. Ta ce ba ta san komai ba, kuma ba za ta tambayi mai mutuwa ba. Na ce za a ƙwace min tarakta. Ta ce ta ji, ta juya ta bi ta inda ta zo. Ta rame sosai, rigar ruwanta kamar ta aro.

Talata, 14 ga Yuni

A'a.

Juma'a, 17 ga Yuni

Na buga wa Rhodri makanike waya, tambaya kawai. Ya ce ba a zuba fari a kan ja a ce an gama, rinin nan mugun naci gare shi, ɗigo kaɗan ya isa ya ɓata tanki guda. Sai an tsiyaye tankin tas, a canja filta, a zuba fari kaɗan, a tayar da inji ya zagaya, a sake tsiyayewa. A yi ta yi har sai man ya fito garau a kwalba. Tsohon tanki irin nawa mai tsatsa, ya ce sau shida ko bakwai. Ba aikin da za a yi ranar da aka yi rasuwa ba ne, mako guda yake ci. In za a yi, sai dai tun mutum na da rai.

Na sayi jarka huɗu na fari a famfon mai na shagon Glenys. Ta dubi jarkokin, ta dube ni, ta ce ashe na sayi sabuwar mota ba labari. Na ce injin wanki ne na saya mai shan dizal. Ba ta yi dariya ba.

Ban yanke shawarar komai ba. Jarkoki ne kawai.

Litinin, 20 ga Yuni

Wanki na farko. Na kwanta ƙarƙashinta a tsakar gida, man ya bi hannuna har hammata. Na ɗebi samfur a kwalbar jam na ɗora a kan katanga inda rana ke bugawa, don a cikin rumfa ido ba ya rabe launi. Ja ne har yanzu, kamar ban yi komai ba.

Alhamis, 23 ga Yuni

Kwalba huɗu a jere. Ta yau kamar ruwan da aka wanke nama. Bayana ya riƙe, da rarrafe na fito daga ƙarƙashi. Duk wannan saboda mutumin da ya kira min kwastan. Eirlys da tana nan da ta ce wautata ba ta da magani, sannan ta kawo min tsumma.

Asabar, 25 ga Yuni

Na yi ɓarna.

Nesta ta zo, wannan karon ta hanya, ko gaisuwa babu. Ta nuna katangar da hannu ta tambaye ni ko hankalina ɗaya. Sai a lokacin na ɗaga kai na duba. Katangar da nake jera kwalaben tana fuskantar tagar ɗakin Idwal kai tsaye. Tun da ya kwanta aka matsar masa da gado bakin taga, da madubin hangen nesansa na duba tumaki a kan bargo. Ba abin da yake yi duk yini sai kallon gidana.

Ta ce tun ran Litinin ya daina tambayar yaushe za a koma asibiti. Jiya ya ture romon ya ce mata, Tegid na wanke tanki. Ta ce masa ƙila wani aiki ka samu. Ya ce a kwarin nan aiki ɗaya ne zai sa marowaci irin Tegid ya sayi farin mai ana gab da yankan ciyawa, kuma ba wanda ke kwance sai shi.

Wata biyu tana riƙe da maganar nan ita kaɗai, ni na faɗa masa da kwalaben jam. Na ce zan kwashe su. Ta ce in bar su, ya ce kada a taɓa, kuma yana son ganina gobe.

Lahadi, 26 ga Yuni

Na je bayan coci. Ginshiƙin na nan kwance inda na kayar da shi, ciyawa ta fara rufe shi.

Idwal ya zama rawaya, har fararen idonsa. Hannun da ke ɗaga rago shi kaɗai ya koma kamar kara. Na tsaya a bakin ƙofa da hulata, ya ce in shigo in daina tsayuwa kamar mai karɓar haraji.

“Saura wanki nawa?”

Na ce wane wanki.

“Kai, tsohon banza, kada ka fara. Nesta ta yi min ƙarya wata biyu, ita ta iya. Kai ba ka iya ba. Saura nawa?”

Na ce biyu, ko uku.

“To, zan jira. Ba na son a tsayar da ni a gindin hanya ana zura tiyo.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Nesta na tsaye a bayana, ban juya ba. Daga nan muka yi maganar farashin ulu, wanda bai kai kuɗin askin tumakin ba, da wani kare da yake da shi a shekarar babbar dusar ƙanƙara. Da zan tafi ya ce in canja filta ta biyun ma, ta ƙarƙashin famfo, ya san na manta da ita. Na manta da ita kuwa.

Alhamis, 30 ga Yuni

Kwalba ta bakwai garau. Na ɗaga ta sama wajen tagar. Labulen ya motsa.

Talata, 12 ga Yuli

Yankan ciyawa. Ga babban tankin ja cike a bayan rumfa, na saye shi tun Maris, ba damar taɓawa, don ɗigo ɗaya ya shiga sai a koma wanki daga farko. Kullum sai na gangara wurin Glenys da jarkoki, kuma taraktar nan a lokacin yanka shan mai take kamar rami.

Zan rubuta wannan don ba mai karantawa. Yau ina tsakiyar fili na kama kaina ina tunanin likita ya ce wata biyu, ga shi an ci ɗaya, in ya kai uku har kwasar dami da fari zan yi. Na ji haushin mutumin don bai mutu ba. Na kashe inji na zauna. Abin da dokarsu ta mayar da ni ke nan, ko kuwa dama haka nake, ban sani ba.

Da na ɗaga kai, madubin na ƙyalli a tagar.

Talata, 19 ga Yuli

Zafi irin wanda ban taɓa gani ba a nan. Na kai wa Nesta ƙwai. Idwal ya sa ta fita, wai ta duba kaji, alhali ba su da kaji tun bara.

Muryarsa ta shige ciki, sai da na sunkuya.

“Ni na buga wayar.”

Na ce na sani.

“Ba ka sani ba, zato kake. Yanzu ka sani.”

Ya ce a ransa faɗa kawai za su yi min, in ji kunya, in zo in tayar masa da ginshiƙi. A makon ne aka ɗebi jininsa, yana jin haushin kowa, ni na fi kusa. Da ya ji abin da ya faru da Gwenno bai ci abinci ba kwana biyu. Ya ce Gwenno mu biyu muka kai ta gefen titi, shi da waya, ni da baki. Ban musa ba.

“Ga jan can cike a bayan rumfarka, ina hango shi. In za ka mayar, ka mayar yau ina gani. Kada ka bari sai na rufe ido ka bar Nesta da jin kunya.”

Ban ce masa na yafe ba, don ban yafe ba. Na fito ko sallama ban yi wa Nesta ba. Na zo gida na tsaya gaban tankin, har na ciro tiyon daga ƙugiya. Na daɗe a tsaye, ƙudaje na bina. Na san yana kallo, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan, ko fushi ba zan yi a ɓoye ba.

Na mayar da tiyon. Na ɗauki jarkoki na gangara.

Laraba, 3 ga Agusta

Idwal ya cika da safe, wajen ƙarfe tara. Nesta ta rufe labulen, da haka na sani.

Litinin, 8 ga Agusta

Na wanke amalanken na shimfiɗa koren bargon da Eirlys ta saƙa don wannan aikin. Motar gawa ta kawo shi gindin hanya, muka ɗora shi, mu biyar da Fasto. Na sa giya ta ɗaya, mutane na bina a ƙafa, Nesta a gaba da hannunta a kan akwatin. Da muka ratsa tsakar gidansa na buɗe kwana sosai, duk da ba sauran abin da zan goga.

Kwalba ta bakwai na cikin aljihun kwat ɗina. Na shirya abin da zan faɗa wa ɗan kwastan, kwana uku ina maimaitawa. Ba wanda ya zo. Ba farar mota, ba tiyo. Mako bakwai na farin mai, ba wanda ya duba sai Idwal.

Katangar maƙabarta na nan a zube, sai da aka kori tumaki kafin a sauke shi. Kabari uku ne tsakaninsa da Eirlys. Gefen mijin Gwenno fili ne, ciyawa ta yi tsawo a wurin.

A wurin shan shayi Glenys ta miƙo min kofi a hannu. Ɗan Gwenno ya zo, ya gaisa da kowa.

Alhamis, 15 ga Satumba

Mai tankar jan mai ya biyo zagayensa na kaka. Ya leƙa babban tankina ya ce ko taraktar ta lalace ne, ai bai ga ya ragu ba. Na ce lafiyarta ƙalau, ya dawo wani watan.

Duwatsun da na juye a bakin hanya na kwashe su, katangar maƙabarta ta kusa rufewa. Ginshiƙin ma na tayar shekaranjiya, ya ɗan karkace, Nesta ta ce dama can haka yake.

Da yamma tsoho Emrys na gidan gada ya tsayar da ni. Shekararsa tamanin da bakwai, numfashinsa na fita da ƙara. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar farashin raguna, yana ta shafa murfin tankin taraktar da tafin hannu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, har yanzu farin ne a ciki?

Na ce fari ne. Na ce ƙyuya ce kawai, bayana ba zai ɗauki wani wankin ba.

Ya gyaɗa kai ya ce to madalla, ya juya a hankali ya kama hanyar gida.

Gobe jarka huɗu.